Kujerun Aro da Idon Babana

Zuwa ga Babban Jami'i mai kula da taimakon gwamnati ga waɗanda kuɗin asibiti ya fi ƙarfinsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Wanda zan kawo ƙararsa kam ba sai na tambayi lafiyarsa ba, ni na ga irin cin da yake yi.

Sunana Ramatu, 'yar Malam Garba mai hula, a Zangon Salaga. Koko da ƙosai nake sayarwa a bakin tashar mota. Da hannuna na rubuta wannan takarda, saboda haka in ka ga tabon mai a gefenta, na ƙosai ne, ba raini ba ne. Na mayar da ita buɗaɗɗiya don na yi ta sintiri ofishinku har masinja ya fara tambayata yara. Kullum sai a ce ka fita, ko kana taro, ko ka tafi jana'iza. Ban taɓa ganin mutumin da ake yi wa mutuwa a dangi kamar kai ba, Allah ya ji ƙansu baki ɗaya. Shi ya sa na ce bari in manna ɗaya a tasha, in aika ɗaya jarida, wataƙila a hanyar wata jana'izar wani ya karanta maka.

Abu ɗaya ne ya kawo ni, idon babana na dama. Na hagu ya riga ya tafi. Likita ya ce na daman ma in damina ta wuce ba a yi aiki ba, shi ke nan. Ma'aikacinka kuwa ya rubuta cewa babana mai hali ne, bai cancanci taimako ba. Ga yadda aka yi.

Na ɗaya. Ka fara sanin wannan attajiri da kuka gano.

Babana jikan masu masauki ne. Zamanin da goro ke ratsa Salaga, kakansa ne ke sauke fatake, ya ba su ɗaki da abinci, ya tsaya musu a ciniki. Gidan yana nan, ƙato, da zaure kamar masallaci. Goron ne ya sake hanya ya bar mu da bango. Yau ɗakunan da ke da rufi a gidan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran ƙadangaru ne ke haya a ciki, kuma ba sa biya. Abin da Baba ya gada cif shi ne hali: baƙo ba ya shiga zaurensa ya fita da baki a bushe. A shekarar yunwar nan da wutar daji ta cinye gonaki, muna layin sabulu da sukari, bawan Allahn nan ya sayar da kekensa ya ciyar da wasu baƙi daga Karaga waɗanda ko sunansu bai riƙe ba. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ko a jikinsa.

Da allura da zare ya rene mu. Da su ya aurar da ni, da mijina ya rasu kuma da su ya sake karɓata ni da 'ya'yana. Ƙanena yana Kumasi yana tura amalanke, abin da yake aiko mana a kai a kai shi ne gaisuwa.

Na biyu. Ciwon da kuɗinsa.

Tun bara Baba ya fara laluben kafar allura, amma ya ɓoye mana. Asiri ya tonu ranar da ya shigo tsakar gida ya yi wa turmi barka da hantsi, yana zaton ƙanwarsa Gwaggo Azumi ce a zaune. Ban ga laifinsa sosai ba, don fasalinsu ɗaya, amma daga ranar hankalina ya tashi.

Na kai shi Yendi. Suka duba, suka ce mu wuce Bawku, can ne likitocin ido suke. Muka bi ta Gushegu a bayan motar doya, tsoho yana riƙe da hularsa, ni ina riƙe da tsoho. A Bawku likita ya yi mana bayani tiryan-tiryan, Allah ya saka masa. Ya ce ruwa ne ya taru a idon yana danne jijiya. Na hagu ya mutu, babu mai tashe shi. Na dama za a iya ceto shi da aiki, bayan aikin kuma sai maganin ɗigawa har iyakar rai. Da aka faɗi kuɗin, sai na tambaya ko har da sabon ido za a haɗa mana. Ranka ya daɗe, kuɗin bijimi ne sukutum, ni kuwa ko akuya ba ni da ita. Kwanukan aurena da zannuwana masu kyau na riga na sayar, duk sun tafi a kuɗin mota da kati da kwalbar magani 'yar mitsitsiya. Ka kuma san zamanin da muke ciki, tun da aka kawo tsarin nan na biya kafin a taɓa ka, ko auduga sai da sidi a hannu.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni gefe ta ce gwamnati tana ɗauke wa marasa ƙarfi, amma sai da takarda daga ofishinku. Na tuna ni ma na taɓa ji a rediyo, na ɗauka irin maganganun rediyo ne. Na dawo da murnata.

Na uku. Kuskurenku na farko, sanarwa.

A ofishinku aka ce za a turo ma'aikaci ya ga gidanmu da idonsa. Na ce madalla, gidanmu ai ba ya bukatar lauya, da kansa zai yi bayani. To amma ma'aikacin naku sai ya aiko da saƙon ranar zuwansa ta bakin wani direba wanda bakinsa ya fi hon ɗin motarsa ƙara. Direban ya sauka a tasha ya shelanta. Kafin azahar labari ya gama Zango, kuma ya yi ƙiba a hanya: babban baƙo daga gwamnati zai sauka gidan Malam Garba.

Wallahi na yi iya ƙoƙarina. Na zaunar da Gwaggo Azumi na ce, Gwaggo, wannan baƙon talaucinmu ya zo gani, a bar gida yadda yake. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ramatu, kanki ɗaya kuwa? Gidan masu masauki, baƙon gwamnati ya zo ya zauna a tabarmar da kaji suka tsattsage? Ba da raina ba!" Na ce rantse ba za ki taɓa komai ba. Ta ce ita ba ta rantsuwa da yara.

Ranar ta faɗo a ranar kasuwa, ba ni da halin barin ciniki. Na fita tun da asuba. Da na dawo da hantsi, sai da na wuce ƙofar gidanmu, na dawo da baya ina duba ko ni ma nawa idon ya fara.

Na huɗu. Dukiyar da ma'aikacinka ya gani, da masu ita.

Kujerun kushin da ya nutse a ciki na Alhaji mai doya ne, maƙwabcinmu. Dardumar da ya taka ta gidan liman ce. Agogon bangon na tela ne, kuma tun ina budurwa yake nuna lokaci guda. Rediyo mai kaset ta wani yaron mota ce. Kwanukan da aka jera har rufi na wata amarya ne a bayan layinmu, tana tsaye a zaure tana gadinsu da ido. Ragon da ke ƙofar gida na mahauci ne, inuwa aka kawo shi sha kafin wuƙa. Babur ɗin da ke kusa da shi na malamin makaranta ne, shi ma inuwar ya biyo. Ɗakunan da suka rushe kuwa, Gwaggo ta rataya wa kowanne labule mai fure a ƙofa. In ka ɗaga labulen, sararin sama za ka gani da ciyawa.

Shi kuma Baba, an saka shi cikin babbar rigar Alhaji mai doya, an fesa masa turare, an ɗora shi a kujerar tsakiya. Ni da na haifu a gidan, da na gan shi sai da na ji kamar in durƙusa in nemi taimako.

Ba wanda ya yi haka don ya cuce ku. Wa ke ƙaryar arziki ranar da ya je roƙo? Haka muke yi tun kakanni. In baƙon kunya zai zo gidan ɗaya daga cikinmu, unguwa ce ke tashi ta rufa masa asiri, wannan ya kawo kujera, wannan ya kawo kaza, baƙo ya tafi, kowa ya ɗauki abinsa. Da biki haka ne, da suna haka ne, da zuwan surukai haka ne. Babu wanda ya taɓa gaya wa Zango cewa akwai baƙon da ake tarba da tsiya.

Ma'aikacinka ya iso da jakarsa a hammata. Aka ajiye masa sakwara da miyar zabuwa, zabin maƙwabta, aka ƙara da tuwon zafi da miyar ayoyo, aka kawo lemon kwalba. Ranka ya daɗe, na sayar da abinci a tasha shekara da shekaru, na ga direbobin da suka kwana biyu a hanya, ban taɓa ganin ci irin na wannan bawan Allah ba. Ya gama da sakwara, ya bi da tuwo, ya tsotse ƙashin zabuwa har yana fito. Sai da ya sassauta bel sannan ya tuna da abin da ya kawo shi.

Na biyar. Tambayoyin.

Ya tambayi Baba yaya rayuwa. Baba ya ce alhamdu lillahi, sai godiya. Ya ce ana samun abinci? Baba ya ce ba mu rasa komai ba. Ya ce gidan na wane ne? Baba ya gyara zama ya ce na kakansa ne, ya shiga ba shi labarin ayarin da suka taɓa sauka a ciki. Ya ce 'ya'ya nawa gare ka da ke taimaka maka? Baba ya nuna jama'ar da ta cika zaure ya ce duk waɗannan 'ya'yansa ne. Ma'aikacinka yana ta rubutu, biro har tana gudu.

Na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta taka mini ƙafa da dukan nauyinta, kuma na gaya maka fasalinta. Ban da haka ma, wace 'ya ce za ta tashi gaban liman da dattawa ta ce ubanta ƙarya yake yi, jiya da gayan tuwo muka kwana? Ba ƙarya yake yi ba ma. Dattijo a wurinmu ko a makara aka ɗauko shi, in ka tambaye shi jiki, zai ce da sauƙi.

Da ma'aikacinka ya fito zai tafi, na bi shi waje na gaya masa gaskiya tsirararta. Na ce kayan nan duk na aro ne, don Allah ka dawo ka ɗaga labule ɗaya kawai. Yana sakace ya ce mini, "Madam, abin da ido ya gani shi ake rubutawa." Ya ƙara da cewa hadari ya haɗo, sauri yake yi. Sama kuwa fes, ko gajimaren rantsuwa babu.

Muna tsaye sai ga Baba ya fito yana laluben bango, da goro a hannu ɗaya, hula a ɗaya hannun. Hular nan ita ce ta ƙarshe da ya ɗinka. Tun kafin azumi yake fama da ita, a tsakiyar rana, yana kai ta har bakin hancinsa kafin ya soka allura. Da ita na yi niyyar sayen kwalbar magani ta gaba. Ya ce baƙo ba zai bar gidan kakansa hannu rabbana ba. Ma'aikacinka ya karɓa da hannu biyu, ya gwada, ta zauna masa daram, ya yi godiya ya kama hanya.

Kafin la'asar gidanmu ya koma gidanmu. Kujeru suka tafi, darduma ta tafi, amarya ta kwashe kwanukanta tana dubawa ko an kwarzane, rago ya tafi inda ba a dawowa. Baba ya tuɓe rigar mutane ya koma kan tabarmarsa. Gwaggo tana ta fara'a tana cewa, "Ko ba komai dai ya ci ya ƙoshi, ba zai je ya yi da mu ba."

Na shida. Abin da ya je ya yi da mu.

Da na koma ofishinku, akawu ya karanta mini: gida mai ɗakuna da yawa, kayan ɗaki na zamani, dabba, abin hawa, 'ya'ya masu yawa, har da halin yin kyauta. Bai cancanta ba. Na yi dariya a wurin har akawun ya tsorata, don in ban yi dariya ba abin da zan yi sai an kira 'yan sanda.

Da na gaya wa Gwaggo, ta zauna a ƙasa daɓas. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba ko a mutuwar mijinta, ranar ta yi kuka tana cewa ita ta makantar da yayanta. Ta cire 'yan kunnenta ta sayar, ta bi gida-gida. Mutanen da suka kawo kujeru su ne suka sake haɗa abin da suke da shi, ya sayi kwalbar magani, ya ƙare. Zango yana iya ara maka kujera da riga, amma ba shi da kuɗin bijimi, kowa da nasa majinyacin. Ni ban riƙe Gwaggo a zuciya ba. Abin da ta iya ta yi, kuma da shi aka san gidanmu.

Ku nake tuhuma. Wane irin talaka kuke nema? Wanda za a same shi tsirara a bakin hanya, ba dangi, ba maƙwabci, ba mai ara masa ko buta? Irin wannan ai ba ya kaiwa ofishinku, a hanya yake mutuwa. Talakanmu riga ɗaya gare shi, amma wankakkiya ce. In da tsumma da kuka kuke gane mabukaci, to ba ɗan Zangon da zai taɓa cin sidi ɗaya a kuɗin nan, daga Salaga har Bawku, kuɗin zai zauna inda yake. Ko da ma haka ake so? Tambaya ce kawai, ranka ya daɗe, mai koko ce ni, ban san sirrin ofis ba.

Ga roƙona.

A sake turo wani. Kada a aiko da saƙo, musamman ta bakin direba. Kada ya zo ranar kasuwa. Ya ci abincinsa a gida ya ƙoshi kafin ya taso. In ya ga labule ya ɗaga. In yana son gaskiya kada ya tambayi tsoho a gaban jama'a, ya ja liman gefe, ko matan da ke ganin hayaƙin kowane gida da ranar da bai tashi ba.

A koya wa ma'aikatanku cewa alhamdu lillahi ba takardar banki ba ce.

A ba mu takardar nan kafin ruwa ya zauna. Hadari ya fara haɗuwa na gaske yanzu, kuma in hanyar Gushegu ta jiƙe, ko da takardar a hannu sai mun yi da gaske.

Sai maganar hula. Na ga ma'aikacinka da ita a tashar Yendi, ya karkata ta gefe yana taku. Ba na cewa ya dawo da ita, Baba zai iya sallamata in ya ji. Amma tunda ya ce abin da ido ya gani shi ake rubutawa, ka kira shi ka ce ya cire ta ku duba tare. Daga sama ɗinkin a miƙe yake sak. Ku gangaro wajen baki, za ku ga layi ya fara karkacewa, zare ya hau kan zare, wani wurin ma allura ta tsallake. Babana bai taɓa karkata layi ba tunda ya fara sana'a, kowa a Salaga shaida ne. Shaidar da aka aiko mutumin nan ya nema, a kansa ya ɗauke ta ya tafi da ita.

Kafin in manna takardar nan sai da na karanta wa Baba, don asirinsa ne zan baza a tasha, wurin da ake gaishe shi da girma. Na zaci zai hana. Ya yi ta murza bakin tabarma, har na fara naɗe takardar. Sannan ya ce, "Je ki manna. In baƙon ya sake zuwa, ku bar tabarmar inda take, a cire labulen. Ai na daina gane fuskar mutum sosai, ba zan ga irin kallon da zai yi mini ba."

Ranka ya daɗe, na binne uwa, na binne miji, ban ji abin da na ji a wannan magana ba. Na tashi zan fita don kada ya ji muryata ta canza, sai ya kira ni ya ce, "Amma Ramatu, ko ruwa ne ki ba shi."

To ruwa kam zai samu, na randa, a moɗa. Gidan yana nan a buɗe yadda Allah ya bar shi. Tsohon ya ba da abin da ya fi kekensa da hularsa tsada, saura naku.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsayar da mutuwar nan haka a danginku ko ma same ka a ofis. Allah ya bar ka da idanunka biyu har tsufa, kana zura zare a allura in ka so. Allah kuma kada ya kawo ranar da sai an ɗaga labulen ɗakinka kafin a ba ka magani.

Iyakar maganata ke nan, kokona yana kan wuta. Wassalam.

Ni ce,
Ramatu 'yar Malam Garba mai hula,
Zangon Salaga.